Tudun da Inna Ta Bari a Bayan Tasha

Washegarin Babbar Sallah ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare, shekarar da Sallar ta faɗo a tsakiyar damina. Tun da hantsi aka ɗora tukunyar suya a tsakar gidanmu da ke Madabo, hayaƙin jiƙaƙƙen itace ya cika ko'ina, ƙannena suna ta zagaye murhu kamar ba su taɓa ganin nama ba. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, tana zaune kan kujera 'yar tsugune a bakin rumfa, da faranti a cinya tana yanka kitse ƙanana-ƙanana. Ni kuma an sa ni korar ƙudaje da mafici, aikin da na karɓa hannu bibbiyu don na san ba zan tashi baki a bushe ba. Can sai Inna ta ɗaga murya ta ce, "Habu, zo ka wasa mini wuƙar nan." Habu shi ne mahaifina. Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya riƙe tambaya, sai na ce, "Inna, ke ba kya kunyar ɗan fari ne? Kakar ƙawata Ladidi ko da wasa ba ta faɗin sunan babansu." Na riga na kauce da kaina, don na san ranƙwashi ne zai biyo baya. Bai biyo ba. Hannunta ya tsaya a kan faranti, ta dube ni da idanunta da suka fara yin fari-fari, ta ce, "Wa ya ce miki shi ne na fari?" Ta miƙa wa Baba wuƙa.

A ɗakin Inna nake kwana tun da aka yaye ni, saboda haka ina ganin babu abin da ban sani ba game da ita. Ni ke share mata ɗaki da asuba, in wanke butarta, in ɗebo mata ruwa a rijiyar tsakar gida da gugar da ta fi ƙarfina, in zare mata allura idan za ta yi ɗinkin hula. Idan na dawo daga makarantar boko, kafin in wuce ta allo, ita ke ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai, sannan ta rantse wa sauran jikoki cewa kaji sun cinye. Muna faɗa kullum. Ta ce na cika surutu kamar rediyo, in ce ai gado na yi, ta jefe ni da mafici. Da la'asar muna fita lungu mu yi carafke da 'yar gala-gala, amma wasan da muka fi so shi ne jirgin ƙasa. Mu jeru, kowa ta kama bakin zanen ta gabanta, ta gaba tana huci tana busa, mu bi lungunan unguwa muna tsayawa a ƙofar kowane gida muna kiran sunayen tashoshi. Inna ce ta koya mana wasan, kuma ita ce ta sa doka cewa tashar ƙarshe dole ta zama Bariki.

Bariki wani ƙauyen masu haƙar kuza ne a kan tsaunukan da ke kusa da Jos. Yana da suna, amma Inna ba ta damu da shi ba, Bariki kawai take cewa. Kakanmu marini ne a Ƙofar Mata, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu kamar yadda ake ba mu labari, don ni ban riske shi ba, ya rasu Baba yana ƙarami. Lokacin da yake saurayi ya ji cewa leburorin kuza suna son rinannun zannuwa, sai ya ɗaure kayansa, ya ɗauki amaryarsa, suka hau jirgi zuwa Zariya, daga can suka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai siririn dogo da ke hawa tsaunuka. Inna takan ce jirgin nan idan ya zo hawa, mai tafiya a ƙasa yana iya gaisawa da fasinja har su tambayi lafiyar iyali. Takan ba mu labarin sanyin da ke sa man gyaɗa ya daskare a kwalba, da mata masu ɗaukar ƙasa a kwano suna kaiwa bakin ruwa a wanke, baƙar kuza ta kwanta a ƙasan kwano kamar garin kwalli. Takan ce buhunan kuza a jirgi ake loda su, a kai su har bakin teku, inda ita ba ta taɓa zuwa ba. Amma abin da ta fi ambata shi ne wani jan tudu da ke bayan tasha ta gabas. Mu mutanen cikin birni da Dala muke gane gabas da yamma, daga kan soronmu ma ana hango ta, don haka da Inna ta sauka a baƙon wuri ta ga tudu, sai ta riƙe shi. "Dalar Bariki" take ce masa. Duk labaran nan na haddace su, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sa jariri a cikinsu ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, wata ranar da ruwa ya hana mu zuwa makarantar allo, muna zaune ni da ita muna tsince tsakuwa a shinkafa, na lura tsakuwar take mayarwa cikin faifai, shinkafar take zubarwa. Na yi mata dariya, ita ma ta yi, sannan ta ture faifan gefe. A nan ta gaya mini. A Bariki ta haifi 'yarta ta fari. Yarinyar ta rayu har ta fara tafiya tana dafa bango, sai ƙyanda ta shigo barikin a lokacin sanyi ta tafi da ita. A zamaninsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wadda ta yi haka za a ce ba ta da kunya, magana ta kai har gidan iyayenta. Inna kuwa tana baƙon wuri, tana so a san 'yar gidan mutunci ce daga cikin birnin Kano, sai ta riƙe kunyar nan fiye da yadda ko a gida za ta riƙe. Wata maƙwabciya ce ke goya yarinyar, ita ke yi mata tawai. Inna sai dai ta ba ta nono ta kau da kai, idan za ta ambace ta ta ce "yarinyar nan". Ranar da ta rasu ma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Maza suka ɗauke ta a tabarma, mata ba sa bin gawa, sai da kakanmu ya dawo ya ce mata, "Tana gindin tudun nan na bayan tasha." Daga ƙofar ɗakinta ana ganin tudun, kullum tana shara tana dubansa, har ranar da suka tattara suka dawo Kano. Ta ce mini, "Ban taɓa kiran ta ba, ko sau ɗaya. Ina ce akwai lokaci." Na tambaye ta sunan yarinyar. Ta jawo faifai ta ce in ci gaba da aikina.

A satin nan ne likita ya ce yanar ido ce ke rufe mata gani, sai an yi aiki. Inna ba ta yarda da aikin ido ba, ta ga waɗanda aka yi wa suka warke, ta ga kuma wadda ta dawo ana jan ta da sanda. Ta kira Baba ta ce ba za a taɓa mata ido ba sai ta je ta ga tudun nan da sauran ganin da ya rage mata. Baba malamin makaranta ne, mutum mai son komai a kan tsari. Ya san an haifi wata 'ya kafin shi, a wajen gwaggonninsa ya ji, amma ba a taɓa zaunar da shi an ba shi labari ba, sunanta ma bai sani ba, don kakanmu shi ma bai faɗa ba har ya koma ga Allah. Ya yi ta lallashi. Ya ce an daɗe da cire dogon nan tun shi yana cikin zanen goyo, ya ce damina ce, ya ce addu'a daga ko'ina tana isa. Inna ta ce duk ta ji, amma dogo ne aka cire, tudu yana nan inda Allah ya ajiye shi, kuma idan aka kai ta tasha ko ido a rufe za ta nuna shi. Idon kuwa kullum ƙara rufewa yake. Baba ya shiga kasuwar Kurmi ya nemi tsofaffin fataken da suka yi zamani da kakanmu, har ya samu wanda ya kwatanta masa wurin. Da aka zo maganar wanda zai riƙe mata hannu, Inna ta ce a ba ta rediyonta, wato ni, ko ba komai ba za ta yi barci a mota ba.

Ban taɓa wuce Wudil ba kafin wannan tafiya. Muka shiga fijo ta haya da sassafe, ni a tsakiya, Inna a jikin taga da ƙullin dambun nama a cinya. Tun ina ƙirga garuruwa har na gaji. Da muka fara hawa, kunnuwana suka toshe, iska ta sauya, duwatsu suka fito wani kan wani kamar an jera su da hannu, ko'ina kore shar. Inna ta sa aka sauke gilashi duk da yayyafi, ta shaƙi iskar ta ce, "Ita ce." Muka kwana a Jos gidan wani abokin Baba, inda na gane cewa sanyin da Inna ke faɗa ba ƙari ta yi ba, don da rigar sanyin ɗan masu gida na kwana. Da gari ya waye muka ɗauki wata motar zuwa ƙauyen, aka sauke mu a bakin titi, muka bi wata miƙaƙƙiyar hanya mai ɗan tudu wadda ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Baba ya ce a kanta dogon yake a da. A wani wuri mun tsallake rafi a kan tsofaffin ƙarafan dogo da mutanen ƙauye suka shimfiɗa suka yi gada. Daga nesa na hango wani ruwa mai faɗi, kore, ba ya motsi, wanda ya ninka duk kududdufan cikin birni, na tambayi Baba ko shi ne tekun. Ya ce ramin kuza ne ruwa ya cika, ya kuma ja mini kunne kada in matsa kusa.

Tashar tana nan. Ɗan gini ne na dutse, rufin kwanonsa ya yi tsatsa ya yi ja, an toshe ƙofa ɗaya da bulo, a ciki wani ya tara buhunan dankalin Turawa, awaki suna fakewa a barandar. A gefe akwai ƙafafun tankin da jirgi ke shan ruwa, tankin kansa babu. Inna ta saki hannuna ta bi bango tana shafawa har ta kai wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, ta ce a nan ake yankar tikiti, a nan kakanmu ya tsaya ranar da za su tafi, ita tana zaune a kan ƙullin kaya can. Fuskarta ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba, ta yi ta nuna mana inda masu ƙosai ke zama da inda ake tara buhuna. Sannan ta gyara mayafi, ta zagaya bayan ginin da sauri har ina binta da gudu, ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannu za ta nuna. Hannun ya tsaya a sama. Ta ce da ni, "Ke, idona ne, ko kuwa? Me kike gani?" Na duba iyakar ganina. Fili ne shimfiɗe, gonakin dankali, wasu 'yan tsibin jar ƙasa da ba su kai tsayin mutum ba, sai wani ramin ruwa. Na so ƙwarai in ce mata ga shi can. Na ce, "Inna, babu tudu."

Ta ce to ba nan ba ne, an kawo ta wata tashar. Baba ya tuna mata tagar tikiti, ta ce tagogi suna kama da juna. Tana cikin wannan rigima wani dattijo mai gyaran buhuna a baranda ya taso ya yi mana sallama. Malam Garba sunansa, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo aikin kuza, a barikin aka haife shi. Da ya ji abin da muke nema ya ce ya san tudun, a kansa suka yi wasan zamiya suna yara. Ya ce, "Hajiya, ai ba dutse ba ne. Ƙasar da aka haƙo daga rami ce aka tara." Bayan kamfanin ya tashi, mutanen gari suka bi tudun da kwano suna sake wanke shi don ragowar kuza, abin da suka bari ruwan sama ya kwashe. Inna ta zauna a kan wani dutse. Ita da ta taso a gindin Dala, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai ƙasar da mutane ke tara tudu da hannunsu, su kuma kwashe shi. Shekara da shekaru tana rufe ido ta ga abin da ta ba wa ajiyar 'yarta, ashe ana can ana ɗebe shi kwano-kwano. Ban taɓa jin tausayin babban mutum irin na ranar ba.

Malam Garba ya ce maƙabartar barikin dai ba a taɓa ta ba. Ya wuce gaba muka bi shi ta cikin gonaki, har muka kai wani fili da ciyawa ta rufe, an kewaye shi da shingen ƙerana mai ƙaya. Babu alamar kabari ko ɗaya, ƙasa ta daɗe da komawa daidai. Ya ce yara ta gefen nan ake sa su, amma ba zai yi mata ƙarya ya ce ga wurin ba. Ni da Inna muka tsaya a bakin shinge, Baba da dattijon suka shiga 'yan taku kaɗan suka cire takalma. Malam Garba ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya juyo ya tambayi Baba, "Yaya sunan yarinyar?" Baba ya sunkuyar da kai. Ya juyo ya dubi mahaifiyarsa, ni ma na dube ta. A duniya kaf ita kaɗai ta rage da ta san amsar. Hannunta yana cikin nawa, bakinta a rufe gam. Dattijon ya gane, ya ce ba komai, Allah ya san baiwarsa, ya fara addu'a. Sai Inna ta ce, "Dakata, Malam." Ta yi gyaran murya. "Maimunatu ce." Ta saki hannuna, ta matsa har ƙaya tana kama mata zane, ta sake faɗa, wannan karon ba da Malam take ba, da irin muryar da ake kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi: "Maimunatu." Daga nan kukan ya zo, a gaban ɗanta, a gaban jikarta, a gaban baƙon da ba ta taɓa gani ba, ba ta ko rufe fuska ba. Baba ya juya mana baya yana goge ido da hularsa. Malam Garba ya jira har ta lafa, sannan ya ce Allah ya sa mai ceto ce, muka ce amin.

A hanyar dawowa Inna ta yi barci tun kafin mu sauko daga tsaunuka, kanta a kafaɗata, ban ko motsa ba har Kano duk da hannuna ya mutu. Sati bai zagayo ba ta ce wa Baba ya kai ta a yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai buɗe ba, ta ce ya ishe ta ganin wanda ke satar mata goro. Ta rayu har na gama sakandare. Ta ci gaba da ba wa ƙananan jikoki labarin ƙaramin jirgi da sanyin Bariki, amma ta daina ambaton tudu, sunan kuma ban ƙara jin sa a bakinta ba.

Yanzu gidanmu na Madabo an shafe tsakar gidan da siminti, an rufe rijiyar, yaran lungu ba su san wasan jirgi ba, yawancinsu ba su taɓa jin kukan jirgi ba ma. Na taɓa zuwa Jos wani aiki, na sa direba ya rage gudu ina neman inda aka sauke mu, gine-gine suka hana ni ganewa. Kunyar ɗan fari ita ma ta kusa zama labari, ƙawayena suna rungume nasu a gaban surukai, wani lokaci nakan yi kewar kawaicin mutanen da, wani lokaci in tuna abin da ya jawo wa Inna. Da na haifi 'yata ta fari na roƙi mahaifinta a sa mata Maimunatu. Gwaggonnina suka ce tunda sunan yayar Baba ne, kuma ta fari ce, sai a nemo mata wani sunan da za a riƙa kiran ta da shi. Na ce su nemo, su kira ta da shi, ni dai ban da ni. Baba har gobe Yaya yake ce mata, yana tashi ya ba ta wurin zama tana ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa ina ƙwala mata kira tun daga ɗaki har ƙofar gida, maƙwabta suna ji. Sau da yawa takan zo ta tsaya ta ce, "Umma, ga ni," in rasa aiken da zan yi mata, in ce ta je abinta. Sunan ne kawai nake so ya sha iska, ya daɗe a rufe.